Ɗaukar Inna

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, kuma a gidan Fulani irin namu wannan ba ƙaramin laifi ba ne. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Idan tana son in miƙo mata buta, sai ta dubi bango ta ce, "A ce wa wance ta kawo ruwa," ko da kuwa daga ni sai ita a tsakar gida. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka ta tarar ana yi. Tun da aka yaye ni goggona ta ɗauke ni, a hannunta na girma a unguwar Manawashi, ita ta sa ni a makaranta, ita ta yi ta rigima da Baba har aka bar ni na tafi kwalejin horon malamai. Sai bayan Baba da goggo duk sun rasu na dawo gidanmu na unguwar Shamaki, a nan Gombe, da akwati ɗaya, da takardar shaidar malanta, da aure guda da ya mutu tun bai cika shekara ba.

Shekarun nan ne da albashi ya yi tsalle, kowane ma'aikaci ya sayi rediyo da babur, gari kuma ya cika da buhunan siminti saboda kowa yana son rushe ƙasa ya yi bulo. Ina koyarwa a firamare, in dawo da azahar in tarar da Inna tana auna man shanu a kwalabe, don sana'arta ke nan. Ba ma hira. Amma takan ajiye mini fura a ƙwarya ta rufe da faifai, ta ɗora a bakin ƙofata, ta yi kamar ba ita ta ajiye ba. Ni kuwa hakan ya ishe ni. Shekara biyu na yi ina jin daɗin zama kusa da uwar da ban sani ba.

Ran wata Laraba da hantsi ta sunkuya za ta ɗauki kwalba, ta faɗi. A asibiti aka ce ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Baki bai tafi ba, sai dai ya ɗan karkace. Hannun dama yana nan da ƙarfinsa. Ƙafa ce babu. Bayan sati uku aka sallame mu, aka ce a riƙa kawo ta ana dubawa, kuma kada a bar ta kwance wuri ɗaya, in ba haka ba bayanta zai yi gyambo.

A nan matsalar ta fito. Inna doguwa ce mai ƙashi, zaman gari kuma ya ƙara mata jiki. Banɗakinmu yana can ƙuryar gida, bayan rumbu, taku ashirin da wani abu daga ɗakinta, ga dakali a bakin ƙofa. Ƙannena huɗu duk maza ne, kowanne zai iya ɗaga ta da hannu ɗaya, amma wane ɗa ne zai kai uwarsa banɗaki? Da babban ya gwada maganar, kallo ɗaya ta yi masa ya fita. Matarsa amarya ce 'yar siririya, ga ta suruka. An kawo fo, Inna ta ce tana da sauran numfashi ba za ta yi a ɗakin da take salla ba. Sai ta samo tata dabarar: ta daina ci, ta rage shan ruwa, don kada buƙatar ta taso. Cikin kwana biyar idonta ya faɗa.

Wadda ta cece mu maƙwabciyarmu ce, wata Batangaliya Kirista da suke haya a gidan da ke jikin namu, mijinta akawu ne a ofishin gwamnati. Maman 'yan biyu muke ce mata. Tana aikin share ɗakin marasa lafiya da juya su a asibiti, don haka ɗaukar mutum ba baƙon abu ba ne a wurinta. Ta shigo ba tare da an kira ta ba, ta gyara ɗaurin zaninta ta ce, "Inna, kama wuyana." Inna ta saƙala hannun dama a wuyanta, ƙirji da ƙirji, maƙwabciyar ta miƙar da ita kamar wasa, ta juya ta goya ta, suka tafi. Daga ranar take zuwa sau uku a yini, kafin ta tafi aiki, da ta dawo, da kuma bayan magariba. Inna ta koma cin tuwo.

Na ce ta koya mini. Ta ce ai babu wuya, duk sirrin a wuyan nan yake: idan mara lafiya ya riƙe ki, ya ɗauke miki rabin nauyinsa. Muka shiga tare, na durƙusa a gaban gadon. Tunda na yi wayo ban taɓa matsowa kusa da fuskar Inna haka ba. Ta kawar da kai, ta tura hannun damanta ƙarƙashin cinyarta ta danne.

"A ce wa wance ta tashi," in ji ta.

Na tashi. Na shiga ɗakina na yi kuka na haushi, ba na tausayi ba, don a ranar da zan iya da na yi mata rashin kunya.

Ba a yi wata biyu ba aka yi sabuwar jiha, takarda ta zo cewa mijin Maman 'yan biyu zai koma Bauchi da aiki bayan damina. Kawuna, yayan Inna, ya ji labari ya zo daga ƙauyensu. Ya zauna a zaure ya kira ni da ƙannena, ya ce shi ya gama shawara. Ranar da maƙwabciyar za ta tashi zai zo da mota ya tafi da 'yar'uwarsa. A can akwai mata da yawa, sa'o'inta da ba ta jin kunyarsu, huɗu za su kama tabarma su ɗaga ta. Maganarsa da hankali a ciki, shi ya sa ta fi ba ni haushi. Amma ƙauyen nan idan ruwa ya sauka mota ba ta shiga, asibiti kuwa sai a labari. Kuma in faɗi gaskiya, ba asibitin ne kawai a raina ba. An raba ni da ita ina jaririya, ban da bakin magana. Yanzu ina da baki, ban yarda a sake ba.

Na ce, "Kawu, idan na iya ɗaukarta fa?"

Ya dube ni tun daga sama har ƙasa. A lokacin hannuna bai fi muciya kauri ba, alli kaɗai ya saba riƙewa.

"Ke? To. Idan na zo na ga kin ɗauke ta da idona, ta yarda kuma, zan koma da motata wayam."

Da na gaya wa Maman 'yan biyu, sai ta lissafa abin. Ta ce tunda Inna ba za ta kama wuyana ba, goyo ya fita. Saura hanya ɗaya: hannu ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyi, ɗaya a bayan kafaɗu, in ɗauke ta gaba ɗaya kamar jariri, nauyin duka a damatsana da kafaɗuna. Ta ce ko a asibiti maza biyu ke yin haka. Ta ƙara da cewa, "Amma fa akwai wata 'yar Sin da za ta iya."

Ita da mijinta suna zuwa silima duk Asabar. Mu 'yan cikin gari mace ba ta zuwa, wadda aka gani a ƙofar wurin ta gama aure. Don haka ran Lahadi bayan ta dawo daga coci takan shigo ta ba mu labarin abin da ta gani, ba da baki kaɗai ba, har da tsalle da ihu, zani a ɗage. A shekarar finafinan faɗa na 'yan Sin suka cika gari, kuma akwai wani da mace ce jarumar. An kashe malaminta, ta hau dutse ta yi shekara tana horar da jikinta. Tana ɗebo ruwa da bokiti biyu, hannuwa a miƙe kamar fukafukai, ba ta yarda su sauka. Tana rataya a reshe ta ja jikinta sama. Da ta sauko gari, in ji Maman 'yan biyu, ƙato bakwai ta watsar a gidan shayi ba ta zubar da kofinta ba.

Ni har yau ban ga fim ɗin nan ba. Abin da na gani allon talla ne da ake jinginawa a bangon silimar, a kan hanyata ta zuwa makaranta. An zana matar da fenti, ta ɗaga wani ƙato sama da kanta, damtsenta kamar na mahauci. Kullum da safe sai in rage tafiya in saci kallonta ta gefen gyale, kamar mai gyara takalmi. Daga baya Maman 'yan biyu ta faɗa mini cewa a cikin fim ɗin matar 'yar firit ce, mai zanen ne ya ƙara mata nama don a shiga. Gara da ba ta faɗa mini da wuri ba.

Muka fara da bokiti. Gombe ba garin ruwa ba ne, ba mu da na wasa, don haka yashi muka zuba, shi kam Allah ya hore mana. Ranar farko na miƙe hannuwa da rabin bokiti a kowanne, ban ƙirga biyar ba suka zube. Washegari na kasa ɗaga alli zuwa saman allo, na ce wa yara yau karatun baki za mu yi. Sai muka samo manyan gwangwanayen madarar gari guda biyu, muka roƙi ragowar siminti wurin maginan da ke aiki a layinmu, muka cika su, muka soka guntun bututun ƙarfe a tsakani kafin ya bushe. Maginan sun ɗauka murhu za mu yi. Reshen darbejiyar tsakar gida ya zama wurin rataya. Sati uku ina lilo a jikinsa kamar wanki kafin haɓata ta fara kaiwa.

Bayan la'asar muke yi, a rufe ƙofar zaure. Amaryar ƙanena ta fara da leƙe, ta koma riƙe mana ƙirge, daga nan ta ce ita ma a ba ta gwangwani. Wata mai ƙuli-ƙuli a bayan layinmu ta ji ana nishi ta katanga, ta zagayo ta ga abin da muke yi, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ɗauki ƙarfen namu da hannu ɗaya ta ɗaga sau goma tana ci gaba da magana. Shekara ashirin tana matsar tunkuza, ba ta taɓa sanin abin yana da suna a ƙasar Sin ba. Ta ce, "Malama, boko ya cuce ki. Zo gidana gobe ki matse mini mai, kyauta zan koya miki." Na je kuwa, kuma aikinta ya fi gwangwanin gina hannu.

Inna tana ganin komai, don da yamma akan kwantar da ita a tabarma a bakin ƙofa ta sha iska. Ba ta taɓa tambaya ba. Sau ɗaya dai, da na faɗo daga reshe na zauna daɓas, na ji ta ce wa amarya, "Gidan nan ya zama na mahaukata." Amarya ta rantse mini ta ga gefen bakinta mai lafiya ya motsa.

Da damina ta yi nisa na koma kan buhu. Muka cika buhu da gero daidai yadda Maman 'yan biyu ta kintata nauyin Inna, muka ɗora a kan gadona, in ɗauke shi a hannu biyu in bi hanyar banɗaki in dawo. Da farko rumbu nake kaiwa in yar. Daga baya na kai ƙofar. Rigunana suka fara matse ni a hammata, sai da tela ya buɗe su. Wata malama a makarantarmu ta taɓa damtsena ta ce in yi hankali, maza ba sa son mace mai jikin dako. Na ce mata wanda na aura ina laushi ma ai bai zauna ba.

Saura sati ɗaya su tashi, na ɗauki Maman 'yan biyu da kanta, na kai ta har banɗaki na dawo da ita tana ta ihu tana kiran Yesu. Da na sauke ta ta daina dariya ta ce, "Ƙarfi kam kin samu. Amma buhu ba ya jin kunya, ni ma ba na ji. Ban san abin da tsohuwar nan za ta yi ba." Na ce mu gwada tun yanzu. Ta ce a'a, idan ta ƙi yau, ta ƙi ke nan har abada, gara a bari sai ranar da babu wata hanya.

Ranar ta zo, wata Asabar. Da sassafe motar kaya ta tsaya a ƙofar maƙwabta ana loda gadaje. Maman 'yan biyu ta shigo ta yi wa Inna ɗaukar ƙarshe, ta yi mata wanka, ta shafa mata mai, suka yi sallama. Inna ta ba ta kwalbar man shanu da zanin saƙi, ta riƙe hannunta ta daɗe ba ta saki ba. Na tsaya daga nesa ina kallo, kuma kishi nake ji, ba zan ɓoye ba. Wajen ƙarfe goma suka tafi. Kafin azahar Kawu ya iso da a-kori-kura, an shimfiɗa katifa a baya.

Ya ci abinci, ya yi salla, ya shigo tsakar gida ya tsaya a gindin darbejiya, ya ce rana tana yi. Ƙannena suna zaure. Amarya ta riga ta ɗaure kayan Inna a zani, tana share hawaye. Tun safe Inna ba ta fita ba, kuma na san ta sha kunu, don ni na dama. Ko tafiyar za a yi, dole a fara kai ta bayan gida, kuma duk gidan babu mai kai ta.

Na shiga ɗakin. Tana kwance ta fuskanci bango. Ban yi mata magana ba, don na san idan na tambaya amsar a'a ce. Na yi bisimilla, na tura hannun hagu ƙarƙashin gwiwoyinta, na dama a bayan kafaɗunta, na ɗaga. Jikinta ya sandare gaba ɗaya. Ta rufe ido, ta manne hannun damanta a cikinta, ta karkatar da kai waje iyakar yadda wuyanta zai iya. Ba ta ce in sauke ta ba. Wannan kaɗai na riƙe na yi gaba.

Abin da ban lissafa ba shi ne buhu yana kwantowa jikin mai ɗaukarsa, Maman 'yan biyu ma haka. Inna kuwa janye jikinta take yi daga nawa, nauyin duka ya koma can ƙarshen hannuwana. Kafin in kai ƙofa damatsana sun fara rawa. Na sa ƙafa zan sauka daga dakali, ɓarin da ya shanye ya zame, ƙafarta ta hagu ta sulluɓe daga hannuna. Na ji tana tafiya. Ƙasa siminti ce, sabon daɓe da ƙanena ya yi da kuɗin ƙarin albashi. Na ga Kawu ya taho da gudu, na kuma san ba zai iso ba.

Sai na ji hannu a wuyana. Ta cafke ni da ƙarfin da ban san tana da shi ba, ta jawo kanta jikina, fuskarta ta shige tsakanin wuyana da kafaɗata. Nauyin ya ragu nan take, kamar yadda aka faɗa mini. Na gyara riƙo, na sauka. Gashinta yana ƙanshin man shanu da hayaƙi, numfashinta yana dukan fatata da sauri. Shekarata ashirin da uku, ranar na fara sanin ƙanshin uwata. Na bi ta gaban Kawu, na wuce rumbu, ina tafiya a hankali fiye da yadda ake buƙata, kuma ina sane.

Da muka dawo na kwantar da ita, na gyara mata matashi. Ta saki wuyana ta koma ta fuskanci bango. Kawu ya zo bakin ƙofa ya yi gyaran murya, ya yi mata magana da Fulatanci, ya ce mota tana jira, ita yake saurare. 

"Ka gaida mutanen gida," in ji ta. "A kwance kayan nan."

Kawu ya dube ni, ya sa takalminsa. Amarya ta fara kwance ƙullin zani. Ni ina tsaye a tsakiyar ɗaki, ban san inda zan sa hannuwana ba. Inna ba ta juyo ba. Ta yi magana da bangon, da muryarta ta kullum, irin wadda take aiken buta da ita.

"A ce wa wance gobe ta cire 'yan kunnen nan kafin ta zo. Sun karce mini goshi."

Na cire su a wurin, na sa a aljihun amarya. Shekara huɗu da wata bakwai na yi ina ɗaukarta, sau uku a yini, kuma ban sake sa 'yan kunne ba sai bayan an yi sadakar arba'in.